Waiwaye: Yadda aka koyi bambance nau'o'in zaiba a cikin ruwa

Bayan da cutar Minamata ta bayyana a garin Minamata na bakin teku a Japan a 1956, masana sun iya gano cewa akwai zaiba a laka da kifin gaɓar, amma tantance wace iri ce ya ɗauki shekaru. Gwamnatin Japan ba ta amince a hukumance cewa zaibar metil daga masana'antar sinadarai ta Chisso da ke garin ce sanadi ba sai 1968. Zaibar ruwa iri-iri ce: akwai tsurarta mai tashi kamar tururi, akwai narkakkiya mai siffar gishiri, sai zaibar metil, wadda ke taruwa a naman kifi ta lalata ƙwaƙwalwa. A 1969 masana biyu, Jensen da Jernelöv, suka nuna a Suwidin cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin laka na juya ta biyun zuwa ta ukun.

Da can ana awo ne da sinadarin ditizon, wanda ke sauya launi. A 1968 masana Hatch da Ott suka fito da hanyar tururi mai sanyi: a zuba wani gishirin kuza, irin SnCl2, a ruwan, zaibar ta koma tsura, a hura ta cikin bututun da hasken nanomita 253.7 ke ratsawa, a auna yawan hasken da ta shanye. Iyakar ganinta kusan maikurogiram 0.2 ne a lita. Hakan ya isa a duba ruwan sha, tunda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya maikurogiram 6 ce, amma ya yi kaɗan ga kogi da teku.

A shekarun 1980 aka gane abin kunya: yawancin alƙaluman da aka daɗe ana bugawa na ruwan teku, ba zaibar tekun ba ce, zaibar da ta shiga samfurin ce daga kwalba da asid da iskar ɗakin gwaji. Da aka tsananta tsafta, sai adadin tsakiyar teku ya faɗo ƙasa da nanogiram ɗaya a lita. Shi ya sa a yau mutum biyu ke ɗibar ruwa, "mai hannu mai tsabta" da ba ya taɓa komai sai kwalba, da "mai hannu mai datti" da ke buɗe jakar waje da aka sa kwalbar a ciki. Kwalbar Teflon (wata roba ta musamman) ko gilashi ake so, domin tururin zaiba na ratsa robar yau da kullum.

Hanya mai lamba 1631 ta hukumar muhallin Amurka ita ke auna jimillar zaiba. Ana zuba mililita 0.5 na BrCl, sinadari mai launin rawaya da ke mayar da kowane nau'in zaiba narkakkiya, a mililita 100 na ruwa, a bar shi aƙalla awa 12. In launin rawaya ya ɓace, sinadarin bai isa ba, sai a ƙara. Daga nan a kashe ragowarsa da sinadarin haidiroksilamin (in aka manta, zai ci zinaren da ake kama zaibar da shi a gaba), a zuba SnCl2, a hura iskar naitirojin na minti 20 ta kwashi zaibar zuwa cikin tarko, wato yashin da aka lulluɓe da zinare. A gasa tarkon ya kai kusan digiri 450, iskar argon ta kwashi zaibar zuwa na'urar da ke auna ƙyallinta. Tana gani har nanogiram 0.2 a lita.

Ta metil ta fi wuya, don kuwa BrCl rusa ta yake yi. Hanyar da Nicolas Bloom ya wallafa a 1989 ita ce tushen hanya mai lamba 1630. Ana adana ruwan da asid, a sanyi, a duhu, saboda haske na wargaza ta. A turara mililita 45 a digiri 125 don a raba shi da gishiri da ruɓaɓɓen ganye masu hana aiki. A daidaita tsaminsa a pH 4.9, a zuba sinadarin NaBEt4, wanda ke liƙa wa narkakkiyar zaiba da ta metil wani ɓangarensa mai suna etil su zama masu tashi. Kowane nau'i na fitowa daga dogon bututun rarrabewa a lokacinsa, a ƙona shi ya koma tsura, a auna. Iyakar gani nanogiram 0.02 ne a lita.

A ƙarshen shekarun 1990 aka gano cewa turarawar da kanta na iya ƙirƙiro zaibar metil idan zaibar gishiri ta yi yawa a samfurin. Wannan ya shafi ruwan wuraren haƙar zinare, irin na Zamfara da Neja inda ake kama zinare da zaiba, domin ko ɗan kaɗan ne ya juya zai kumbura sakamako. Maganin da manyan ɗakunan gwaji suka koma wa shi ne zuba zaibar da aka san nauyin ƙwayarta tun kafin a fara aiki, a auna da na'urar ICP-MS, mai bambance ƙwayoyi bisa nauyinsu, a ga nawa ta juya a hanya, a cire shi daga lissafi.