A Bar Hannun Yaro Ya Yi Datti, Amma a San da Me

Wata ranar Talata muka je rabon maganin tsutsar ciki a wata firamare da ke wajen garin Sakkwato, kan hanyar Kware. Ina shiga ofis don in sa hannu a rajista sai na ga kusurwa guda cike da tsintsiya, sababbi ful, an ɗaure su dami-dami. Da na tambaya aka ce ai "aikin hannu" ne na ƙarshen zango: kowane yaro ya kawo tsintsiya ɗaya, wanda bai samu ba ya kawo kuɗinta, a rubuta masa maki. Duk cikinsu babu wadda yaro ya ɗaure da hannunsa, daga kasuwa aka sayo su.

Da muka shiga aji biyu na tarar da wani yaro ɗan shekara bakwai ya dunƙule fensir a tafin hannu kamar mai tuƙin tuwo. Yana danna shi da ƙarfi har takarda ta huje, kafin ya gama layi ɗaya ya ajiye yana yarfa hannu. Malamarsa ta ce ragwanci ne. Na dudduba shi, lafiyarsa lau, yatsunsa ne kawai ba su saba aiki ba.

Wani zai ce me ya haɗa ma'aikaciyar lafiya da zane da ginin yumɓu. Abin da ya haɗa mu shi ne girman yaro, don ba a sikeli kaɗai ake auna shi ba. Riƙon alƙalami da yatsu uku, sa maɓallin riga, ɗaure igiya, duk ƙananan tsokokin hannu ne ke yin su tare da ido da ƙwaƙwalwa, kuma sai da maimaici suke ƙwarewa. Yaron da ya murza yumɓu, ya yaga takarda a kan layi, ya ɓare kara, ya zura zare a rami, horon da rubutu ke buƙata yake yi ba tare da ya sani ba. Darasin fasaha da al'adu yana cikin manhajar firamare ta ƙasa tun daga aji ɗaya. Matsalar ita ce a wurare da yawa ya koma kwafar bayani daga allo: a rubuta wa yaro ma'anar launi, bai taɓa tsoma yatsa a launin ba.

Uzurin da na fi ji shi ne babu kayan aiki. Ni kuwa ina ganin Basakkwace bai kamata ya faɗi haka ba. Nan ne garin jar akuyar da fatarta ta ƙetare hamada har Turai ta san ta, garin majema da dukawa da masu sassaƙar ƙwarya. Waɗannan mutane da bagaruwa suke jima, da karan dafi suke rina fata ta yi ja. Almajiri ma da gawayi da ƙaro yake haɗa tawadarsa, ya fiƙe alƙalami daga tsinken gamba, ranar sauka a yi wa allo zayyana mai kyan gaske. Babu wanda ya jira akwatin fenti daga Legas.

Aikin da na fi so a fara da shi, don yana sa aji ya yi tsit, shi ne launi daga kicin. A jiƙa zoɓo kaɗan a ruwan zafi ya yi kauri, babba ne zai yi wannan, a bari ya huce. A raba shi a murafen gwangwani uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemon tsami, zai ƙara haske ya yi ja wur. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa, nan take zai juye ya yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore. Ranar da na fara gwada wannan a wani aji, wata yarinya ta ja da baya ta riƙe hijabin ƙawarta, ta ce, "Malama, mi kinka sa mishi?" Na miƙa mata ruwan kanwar na ce ta ɗiga da kanta. Har aka tashi tana riƙe da murfin nan, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Gangamau yana ba da rawaya, shi ma in kanwa ta taɓa shi sai ya koma ja mai duhu. Gawayin da aka niƙa da ɗan ƙaro shi ne baƙi, jar ƙasa da aka tace ita ce ruwan ƙasa. Burushi kuwa, asuwaki sabo da aka daddaka bakinsa ya wadatar, ko gashin kaza da aka wanke, ko auduga a bakin tsinke.

Da wannan launin ake buga hatimi. A yanka guro, wato kuɓewa, a tsakiya, a tsoma a buga a takarda, sai ga fure. Albasa, wadda Allah ya hore mana a fadamun Wurno da Goronyo, in an raba ta biyu tana ba da zobe cikin zobe. A ce wa yaro ya jera: guro, guro, albasa, guro, guro, albasa. Yana ganin ado yake yi, alhali tsarin lissafi ne ya fara shiga kansa.

Bayan girbi kara ya yi yawa. Iyayen yaran nan da kansu sun ƙera motar kara da gilashin kara suna ƙanana, saboda haka ba sai na koya wa kowa ba. Abin da zan ce kawai, ɓawon kara yana yanka kamar reza. 'Yan aji ɗaya a ɓare musu, a ba su totuwar da tsinkayen da aka dakushe bakinsu, su dai su soka su haɗa. Reza kam ba ta da gurbi a hannun ɗan shekara shida, balle tsohuwar da aka tsinta a bola ko wadda wani ya yi aski da ita, don ciwon hanta na iya bin jini ta wannan hanya.

Tsofaffin takardu ma ba abin ƙonawa ba ne. A yayyaga, a jiƙa kwana biyu, a kirɓa a turmi, a matse, a cuɗa da kunun sitaci na garin rogo, a lulluɓe bayan ƙwarya da shi. In ya bushe a zare ƙwaryar, an samu kwano mara nauyi da za a yi wa ado. Sai dai malami ya tantance takardun tukuna, kada a haɗa da mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah.

Yumɓu shi ne sarki a wannan fage, babu abin da ke ƙarfafa yatsu kamarsa. A nan ne kuma nake son a saurare ni da kyau, domin a nan muka fi ganin ɓarna. Malami ya ce gobe kowa ya zo da yumɓu, ya juya ya tafi gida. Ina ɗan shekara shida zai samo shi? Bakin tafki, ko kududdufi, ko ramin da ake haƙar ƙasar gini. Ruwan da ke kwance irin wannan shi ne matattarar ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai yaro ya sha ba, shiga kawai ya isa, ta fata take ratsawa, bayan wani lokaci a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Cuta ce, tana lalata mafitsara, kuma maganinta, wanda ake kira praziquantel, shi ne ake rabawa a makarantu. Ga kuma haɗarin nutsewa da ruftawar rami. Don haka babba ne zai ɗebo yumɓu, ko a saya wurin masu ginin tukwane. A shanya shi ya bushe ƙarau, a daka, a tankaɗe don a fitar da ƙaya da fasasshen kwalba, sannan a kwaɓa da ruwa mai tsabta. In an gama gini a ajiye a inuwa. Ranar Sakkwato, balle ta watan Afrilu, ko iskar hunturu, tana tsattsaga shi kafin la'asar, yaro ya zo ya tarar da tukunyarsa ta dare ya yi ta kuka.

Akwai abubuwan da ba na son gani ko kusa da teburin yara. Idon zakara, 'ya'yan nan ja da ɗigon baƙi masu kyau kamar duwatsun ado, guba ne mai kisa in aka tauna, kuma huda shi don a yi sarƙa shi ne ke buɗe gubar. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu ma haka. Ruwan tumfafiya yana da danƙo, shi ya sa yara ke liƙa takarda da shi. An taɓa kawo mana wata yarinya ido a kumbure, ta liƙa jirgin takarda da shi sannan ta murza ido. In haka ta faru a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon kamar minti 15, a kawo asibiti; kada a ɗiga nono ko ruwan sukari. Ƙaro da sitaci sun isa duk wani liƙi.

Sai ragowar fentin mai da ake samu wurin masu fentin ƙofa da mota, da tsohon batir. Wasu fentukan mai suna ɗauke da dalma, batirin mota kuwa cike yake da ita. Mu nan ba sai an ba mu labarin dalma ba. A shekarar 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Kaɗan ɗin da ba ya kisa ma yana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma ba ya nuna alama da wuri. Baƙin garin cikin batirin tocila da ake shafa wa allon aji, shi ma kada a sa yara su fasa shi, ga gawayi. Ƙaramin batirin agogo mai kama da maɓalli kuwa, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i, ba a kwana da shi a gida.

Liƙa hatsi a kwali, gero da dawa da wake, aiki ne mai kyau, amma a ƙirga da ƙanne. Yayan ne ke aikin, ƙanin mai shekara biyu ne ke cusa waken a hanci. Alamarsa majina mai wari daga ƙofar hanci ɗaya. Kada a bi shi da tsinken ashana, kada a ɗura ruwa a kunne ko hanci don wake kumbura yake yi. A kawo mana. Yankan kara ko na ƙusa kuma a wanke da ruwa da sabulu a rufe, ban da barbaɗa ƙasa ko toka. A duba katin rigakafi: allurar penta da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14 tana cikin masu kare yaro daga cutar sarƙe haƙora. In raunin ya yi zurfi ko ya yi datti, ko da katin ya cika, a zo a duba.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin makaranta, jikansa ya koma gida riga duk laka. Ya ce, "Malama, mu karatu munka kawo shi, ba wasan ƙasa ba." Na gaishe shi, na ce, "Baba, lokacin da kuna yara, wa ya koya muku fiƙe alƙalami da haɗa tawada?" Ya yi dariya ya ce wannan ai dole ne. Daga nan ya fito da ainihin damuwarsa, wato kada a sa yaron yin mutum-mutumi. Wannan damuwa ce da ya kamata malamai su girmama, kuma ba ta hana komai. Ga tukunya, ga rumbu, ga kwalekwalen gulbin Rima, ga mota, ga dagi da zanen bangon soro da irin adon da ake yi wa ƙwarya. Yaro zai shekara yana aiki bai taɓa siffar mai rai ba. Rigar kuwa, tsohuwar rigar babansa a zura masa a kai, magana ta ƙare.

Mu ma'aikatan lafiya muna da wata riba a zaman nan. Cikin rabin sa'a na aikin hannu malami zai ga abin da ba zai gani ba a wata guda na "ku maimaita bayana". Yaron da ke kai takarda har bakin hanci, ko yake kanne ido, a kai shi gwajin ido. Wanda kullum yake rikita ja da kore, mai yiwuwa haka aka haife shi, an fi samun haka ga maza, kuma bugu ba ya gyara shi. Wanda ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, a duba kunnensa. Wanda hannu ɗaya ba ya kama abu da ƙarfi, ko yake gajiya da wuri ga tafin hannu fari fat, a kawo shi a auna jininsa. Bahago kuma, don Allah a ƙyale shi. A koya masa ci da gaisuwa da karɓar abu da dama kamar yadda tarbiyyarmu take, amma zane da rubutu a bar shi da hannun da ya fi masa sauƙi.

Ga malamin da ke da yara 80 a aji, na san abin da kake shirin faɗa. Kada ka ce za ka yi da kowa a lokaci guda. Ka fitar da su gindin dogon yaro da safe kafin rana ta yi zafi, ka kasa su rukuni-rukuni, wasu a yumɓu, wasu a launi, wasu su yi zane da tsinke a kan yashi har layi ya zo kansu. Ka roƙi uwa ɗaya ko biyu daga unguwa su zo su taya ka, sau da yawa akwai mai saƙar faifai ko mai ginin tukwane a cikinsu. Kada ka karɓe aikin yaro ka gyara masa. In motarsa ta fito da taya uku, tambaye shi ina za ta. A tanadi buta biyu da sabulu tun kafin a fara, a yanke farce, kuma babu mai taɓa abincin tara sai ya wanke hannu, babba na zuba masa ruwa, ba kowa ya tsoma a roba ɗaya ba.