Gano Lalacewar Gaɓar da Aka Dasa ta Hanyar Ƙananan Sinadaran Jini

Metabolomiks fanni ne da ke auna ɗaruruwan ƙananan sinadaran da jiki ke samarwa yayin sarrafa abinci da magani, kamar sukari, laktet (sinadarin da ke fitowa idan jiki ya ƙona sukari), sinadaran amino da na madaciya, duk a cikin jini ɗan kaɗan. Likitocin dashen ƙoda da hanta suna nazarinsa ne don su gane gaɓar da aka dasa ta fara ciwo tun kafin majiyyaci ya ji wani abu a jikinsa.

Gwajin da aka saba yi wa mai dashen ƙoda shi ne na kiriyatinin, wani dattin jini da ƙoda ke tacewa ta fitar. Matsalarsa makara: yakan tashi sosai bayan ƙoda ta riga ta yi asarar wani babban kaso na aikinta. Kuma ko ya tashi ba ya faɗin dalili, domin rashin ruwa a jiki, yawan maganin takrolimus (mai danne garkuwar jiki don kada ta ƙi dashen), ƙwayar cutar BK da farmakin garkuwar jiki duk suna iya ɗaga shi. Don a tabbatar, sai an ɗebo tsokar ƙoda da allura an duba ta bisa ma'aunin Banff na tantance farmakin garkuwar jiki, wanda aka fara tsarawa a Kanada a 1991. Wannan ɗiba tana iya jawo zubar jini, ba kuma a iya yin ta kowane mako.

Ɗaya daga cikin sinadaran da aka fi nazari a kansu shi ne tiriftofan, wanda sinadarin amino ne. Idan garkuwar jiki ta tasar wa gaɓa, takan saki wani sinadarin aika saƙo mai suna intaferon gama, shi kuma ya zaburar da wani enzayim (sinadarin da ke hanzarta sauyi a jiki) mai suna IDO, wanda ke mayar da tiriftofan ya koma kainurenin. Sai tiriftofan ya ragu a jini, kainurenin ya ƙaru. Amma kamuwa da ƙwayar cuta irin CMV ma na kawo wannan canji, kuma maganin biyun kishiyar juna ne: a farmakin garkuwar jiki ana ƙara danne ta, a kamuwa da CMV ana sassautawa. Shi ya sa ba a dogara da sinadari guda, sai an haɗa da dama an duba yadda suke tashi da sauka tare. A dashen hanta kuwa, laktet da ya ƙi sauka a sa'o'in farko bayan tiyata alama ce mai ƙarfi cewa sabuwar hantar ba ta kama aiki ba.

Ana auna waɗannan sinadarai da na'urar NMR, mai aiki da maganaɗisu, ko mas-sifektirometa, mai tantance su ta nauyinsu. Ta farko ba ta lalata samfuri kuma sakamakonta ya fi daidaituwa, ta biyu ta fi gano sinadarai masu ƙaranci.

Yawancin kuskure tun wajen ɗibar jini yake farawa. Ana so a ɗiba da safe kafin cin abinci, a juya shi a na'urar tacewa cikin kusan awa ɗaya, a raba ruwan jinin, a daskare shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Idan jinin ya daɗe a kan tebur, jajayen ƙwayoyinsa za su ci gaba da cin sukari suna fitar da laktet, sakamakon ya nuna ciwon da babu shi. Narkewa da sake daskarewa ma na ɓata samfuri, don haka firiza ba ta rabuwa da janareta a inda ake ɗauke wuta.

A Accra, asibitin koyarwa na Korle Bu ya fara dashen ƙoda a 2008, wasu majiyyata kuma a ƙasashen waje ake yi musu dashen su dawo gida. Ga mai dashe mazaunin unguwar Nima ko Mamobi a Accra, abinci abin lura ne: kifin teku yana ɗaga TMAO a jini, sinadarin da ake dangantawa da raunin ƙoda. Azumin Ramadan da jiƙe-jiƙen gargajiya ma suna sauya hoton jinin, ya kamata a gaya wa likita. Galibin binciken a Turai da Amurka aka yi shi, saboda haka ya fi dacewa a kwatanta jinin majiyyaci da nasa na baya maimakon ma'aunin wata ƙasa.

Har yanzu wannan hanya tana matakin bincike, ba ta maye gurbin kiriyatinin, awon takrolimus ko ɗibar tsoka ba. Mai dashe da ya ga fitsarinsa ya ragu, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya zo ko wurin dashen yana ciwo, ya tafi asibiti a ranar.