Tantance Raunin Harsashi a Wuya a Asibitocin Yaƙi

Tantance raunin harsashi a wuya shi ne binciken da likitocin soja ke yi don sanin abin da harsashi ko ɓarɓashin bam ya taɓa a ciki. Wuya ƙaramin wuri ne, amma a nan manyan jijiyoyin jini, bututun iska, hanyar abinci da laka suka cunkushe. Shi ya sa ƙofar rauni kan zama 'yar mitsitsiya alhali ɓarnar ciki ta kai ta kisa.

Tarihi

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, likita ba shi da abin dogaro sai idonsa, yatsansa da siririn ƙarfen lalube. A 1862 Nélaton, likitan Faransa, ya fito da ƙarfe mai kan tangaran wanda dalma ke bar wa tabo idan ya gogi harsashi. A wuya kuwa lalube ganganci ne, domin yakan ture gudan jinin da ya toshe jijiya, jini ya ɓalle.

Röntgen, masanin kimiyya ɗan Jamus, ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, kuma cikin 'yan shekaru aka kai shi fagen daga: yaƙin Girka da Turkiyya a 1897, yaƙin Sudan a 1898, sai yaƙin Boer a Afirka ta Kudu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, masaniyar kimiyya Marie Curie ta tanadi motoci wajen 20 masu ɗauke da na'urar. Hoton yana nuna inda ƙarfe ya maƙale, amma ba ya nuna jijiyar da ta yage. Don haka likitoci suka ci gaba da kasa kunne a kan kumburi, suna neman wani gurnani da rawar jiki da ke nuna jini na kwarara ta inda bai kamata ba. Sau da yawa sai bayan makonni alamar ke bayyana.

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ra'ayi ya karkata ga buɗe duk raunin da ya huda siririn naman da ke ƙarƙashin fatar wuya, wato filatisma. Mace-mace sun ragu, sai dai an yanka mutane da dama ba a tarar da komai ba.

Sassan wuya

Tun daga 1969 ake raba wuya gida 3, kuma rabon da aka fi bi shi ne: daga saman ƙirji zuwa guringuntsin ƙasan zakaran wuya, daga nan zuwa kusurwar muƙamuƙi, sannan zuwa gindin ƙoƙon kai. Na tsakiya ya fi sauƙin isa da wuƙar tiyata.

Alamomi

Jini mai tsartuwa, kumburi mai ƙaruwa, iska tana fitar da kumfa daga rauni, shaƙewar numfashi ko shanyewar ɓarin jiki: ɗaya ma ta isa a wuce ɗakin tiyata. Raunin hanyar abinci ne ya fi ɓuya, in an makara kuma ruɓa ta gangara cikin ƙirji.

Yanzu

Majinyacin da jikinsa ya daidaita ana yi masa hoton jijiyoyi na CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka yanki-yanki da taimakon kwamfuta, in akwai na'urar. Har yanzu likitoci na saɓani kan amfanin rabon sassan.