Daga wurin ibada zuwa ɗakin marasa lafiya: waiwaye kan rawa da yoga

Har yanzu ana ta kai ruwa rana: yoga motsa jiki ce ko ibada? A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi karance-karancen Hindu. Jihar Alabama ta Amurka ta ɗage haramcin yoga a makarantun gwamnati a 2021, amma da sharaɗin kada a rera komai. Wannan gardama ba yau ta soma ba.

Farkon labarin sananne ne. A Indiya, yoga hanyar tarbiyyar rai ce, zama da sarrafa numfashi domin natsuwa. Mabiya Jalaluddin Rumi, malamin Sufaye wanda ya rasu a Konya ta ƙasar Turkiyya a 1273, sun mai da juyawa cikin rawa zikiri. A 1893 Vivekananda, wani malamin addinin Hindu ɗan Indiya, ya yi jawabi a Chicago, Turawa suka fara sauraro.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1942, a asibitin masu taɓin hankali na St. Elizabeths da ke Washington. An gayyaci wata malamar rawa, Marian Chace, ta yi aiki da majinyatan da suka daina magana da kowa. A lokacin ba a samar da magungunan ƙwaƙwalwa na zamani ba, sai a shekarun 1950. Ba ta koya musu taku ba. Takan tsaya kusa da majinyaci ta kwaikwayi motsinsa, ko da kaɗa kafaɗa ne kawai, har ya lura akwai mai amsa masa. Daga nan sai a yi da'ira, a bi kiɗa tare. Babu addu'a, babu shehi, likitoci ne ke duba sakamako. A ganina nan ne aka raba motsi da aƙida, aka fara tambayar ko yana aiki maimakon ko wa ake bauta wa. A 1966 aka kafa ƙungiyar masu jinya da rawa ta Amurka, Chace ce shugabarta ta farko.

Zuzzurfan tunani ya bi sahu a 1979, da shirin rage damuwa a cibiyar lafiya ta jami'ar Massachusetts, wanda ya haɗa da yoga. Bayan asibiti ya amince, kasuwa ta karɓa ta sake liƙa wa abin sunan warakar ruhi, ba tare da faɗin ruhin wane addini ake nufi ba. Shi ya sa malami da likita kowa ke ganin maganar tasa ce.