"Karatun akanta na zo yi, me ya haɗa ni da tarihin Afirka?" Tambayoyi da amsoshi kan darussan dole a jami'a

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunayen waɗanda suka samu gurbi, gidaje a Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango, unguwannin Accra babban birnin Gana, sai su cika da barka da arziki. Bayan an fara lakca da 'yan makonni kuma, sai wata irin tambaya ta fara yawo, daga ɗalibai da iyayensu: su waɗannan kwasa-kwasan da aka ɗora wa yaro, waɗanda ba su da alaƙa da abin da ya je karanta, na mene ne? Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wai mene ne darussan dole ɗin, kuma su wa ke yin su?

Kowa ke yi. A Jami'ar Gana da ke Legon ana kiran su UGRC, wato kwasa-kwasan da jami'a ta wajabta wa duk mai neman digirin farko. Yawanci ana gama su a aji ɗari da aji ɗari biyu, wato shekarar farko da ta biyu, kuma kowanne yana da kiredit 3 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas). Akwai UGRC 110 da 210, rubutun ilimi kashi na farko da na biyu. Akwai 150, wanda ke koyar da auna hujja da kaifin tunani. Sai gabatarwa ga nazarin Afirka, mai lambobin da suka fara daga 220. Waɗannan kusan babu mai tsallake su.

Sauran kuma ana raba su ne bisa inda ɗalibi yake da giɓi. Mai karanta tarihi ko addini ko harsuna za a ba shi 120, lissafin yau da kullum, da wani kwas kan kimiyya da fasaha a rayuwarmu. Ɗan kimiyya kuma a tura shi ya koyi yadda al'ummomi ke tafiya. Wanda fanninsa ya riga ya cika da lissafi, sai a musanya masa da wani abin. Ɗalibin ɓangaren adabi da zamantakewa kan yi shida gaba ɗaya, kiredit 18 ke nan.

Malam, ni kuɗin karatun akanta na biya wa yaron nan. Wa ya ƙirƙiro wannan ƙarin kaya?

Alhaji, abin yana da asali. Jami'ar Legon ta fara ne a 1948 a matsayin kwaleji mai bin tsarin Ingila. A wancan tsarin yaro kan daɗe kafin ya iso jami'a: shekara 6 a firamare, 4 a midil, 5 a sakandare, 2 a aji shida (matakin share fagen jami'a bayan sakandare), shekara 17 ke nan ga wanda ya bi kowane mataki. Wanda ya fito daga nan ya riga ya goge, sai ya yi shekara 3 kacal a kan fanninsa ya karɓi digiri. Gyaran ilimi na 1987 ya rage karatun kafin jami'a zuwa shekara 12, digiri kuma ya koma shekara 4. Gogewar da aji shida ke yi wa yaro, musamman rubuta dogon bayani da kare ra'ayi, dole wani ya ɗauki nauyinta. Jami'a ce ta gaji nauyin.

Salon kansa daga Amurka ya bazu, inda ɗalibi kan taɓa fannoni da yawa kafin ya tsaya a kan ɗaya. Jami'ar Harvard ta fitar da wani sanannen rahoto a kan haka a 1945. 'Yan'uwanmu na Najeriya ma suna da irinsa, suna kiransa GST, kuma duk wanda ya yi jami'a a Kano ko Zariya ya san shi.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar ilimi babu malamin da zai bar almajiri ya tsunduma cikin ilimin gado ko nahawu mai zurfi alhali bai gama ƙananan littattafan tsarki da salla ba, komai ƙwazonsa. Shi akantan da kake son ya zama, ranar da zai rubuta wa shugabansa rahoto ya bayyana dalilin da kuɗi suka yi ƙasa, ba lissafi kaɗai zai cece shi ba.

Na ci Turanci da lissafi a WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Ba maimaici ba ne wannan?

A'a, ƙanena, kuma nan ne yaranmu suka fi yin sakaci. Gaskiya ne sai da ka samu tsakanin A1 da C6 a Turanci da lissafi kafin a ɗauke ka. Amma abin da aka gwada a can shi ne ko kana iya rubuta wasiƙa da insha'i, ka karanta labari ka amsa tambaya. Abin da 110 ke nema daban ne: ka karanta abin da mutum biyu ko uku suka rubuta a kan magana ɗaya, ka taƙaita kowanne da kalmominka, ka nuna inda suka saɓa, ka tsaya a wani matsayi, sannan ka faɗi inda ka samo kowace magana. Shi 210 yana ƙara matsawa da kai wajen irin rubutun da fanninka ke bukata.

A ganina, cikin darussan nan duka babu wanda ya kai wannan muhimmanci ga ɗan Zango. Yaronmu kan tashi da harshe uku ko huɗu a baka: Hausa a gida, Twi ko Ga a kasuwa da cikin tirotiro (motar haya), Turancin titi da abokai, ga Larabcin makaranta. Baiwa ce babba. Sai dai duk a baki take. Da wuya ka samu wanda aka taɓa zaunar da shi aka ce ya rubuta shafi biyar, aka bi da jan biro, aka ce ya sake. Za ka ga ɗalibi idan ana muhawara a ɗakin kwana babu mai kayar da shi, amma a takarda sai maganar ta watse, sakin layi ɗaya ya ɗauki batu huɗu. Malamin da ke duba takardar jarrabawa kuwa bai taɓa jin bakinka ba, abin da ke gabansa kawai yake gani.

A nan ne kuma ake koyon cewa kwafo rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne. Jami'a tana amfani da manhajar Turnitin wajen gano abin da aka kwaso daga intanet. Wanda bai koyi wannan a aji ɗari ba, zai haɗu da shi a aji ɗari huɗu lokacin rubuta kundin kammalawa, kuma a lokacin hukuncin ya fi zafi.

An ce mini 'yata za ta yi rawa da kiɗa a wani kwas. Dole ne?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Nazarin Afirka dole ne, amma rawa ba dole ba ce. Akwai ɓangaren da kowa ke yi tare, sannan ɗalibi ya zaɓi reshe ɗaya. Rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo suna cikin rassan, haka nan sarauta da cigaba, Afirka a duniyar yau, 'yan Afirka mazauna ƙetare, falsafa, da harsuna irin su Dagbani da Ewe da Ga da Twi. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta yi rajista da wuri, domin rassan da aka fi so su ke fara cika, mai jinkiri kuwa sai abin da ya rage.

Ina so in ɗan tsaya a kan wannan kwas, don ana raina shi ba bisa haƙƙi ba. Cibiyar Nazarin Afirka da ke kula da shi an kafa ta a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a watan Oktoban 1963. Abin da ya dame shi shi ne a yaye ɗan Gana ya san sarakunan Ingila bai san na ƙasarsa ba. A shekarun nan na farko, masana irin su Thomas Hodgkin da Ivor Wilks sun sa an bi gidajen malamai ana tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Cikin abin da aka adana akwai ayyukan Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, ya rasu a 1934. Wato tarihin fataken goro da malaman da suka kafa zangunan ƙasar nan yana ajiye a Legon, tafiyar mota ɗaya daga Madina. Abin takaici ne jikansu ya yi shekara 4 a harabar bai taɓa leƙa wurin ba.

Shi kwas ɗin auna hujja, ba zai sa yaro ya fara ja da addini ba?

Abin da ake koyarwa shi ne yadda za ka gane ko sakamako ya biyo bayan dalilan da aka kawo, da yadda za ka kama mai yaudara da magana, kamar wanda ya bar batu ya koma zagin mai batun. Malaman Musulunci sun daɗe suna karantar da wannan da sunan manɗiƙi. Wanda ya yi kwas ɗin da kyau, da wuya saƙon WhatsApp na ƙarya ko alkawarin ɗan siyasa ya ruɗe shi.

A Kumasi da sauran wurare ma haka ne?

Haka ne, suna ne ya bambanta. A KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, 'yan shekarar farko suna yin dabarun sadarwa, ENGL 157 da 158, wasu fannonin kuma a ƙara musu adabi ko Faransanci. Jami'ar Cape Coast tana da nata dabarun sadarwar da nazarin Afirka. Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta zo da nata salon: takan tura ɗalibai su zauna a ƙauye na wasu makonni su nazarci matsalolin mutanen wurin.

Tsakani da Allah, ana koyar da su yadda ya dace?

Ba ko da yaushe ba. Tunda kowa ke yi, wasu azuzuwan kan cika maƙil, na baya ba ya ko jin malami sosai. Idan ɗalibai suka yi yawa, jarrabawar zaɓi-ɗaya ta fi sauƙin dubawa, ita kuwa tana haifar da hadda. Sai ka ga an bar littafi an rungumi tsofaffin tambayoyi, abin da ɗalibai ke kira pasko. Kwas ɗin da aka yi don koyar da tunani ya koma haddar amsoshi. Wannan suka ce ta gaskiya. Pasko yana da amfani wajen gane salon tambaya, amma ƙananan azuzuwan bita, inda ake iya ɗaga hannu a yi tambaya, can ne karatun yake, kuma su ne ɗalibai suka fi gudu.

Idan na faɗi ɗaya daga ciki fa? Ai ba fannina ba ne.

Ba za ka karɓi digiri ba sai ka ci shi, ko da kuwa ka samu A a duk sauran. A Legon mafi ƙarancin ci shi ne D, wato maki 50. Wanda ya gaza sai ya sake, ya biya kuɗin sakewa, ya zauna da ƙannensa. A KNUST ana kiran irin wannan bashi tirel, kuma shi ma yana bin mutum har ƙarshe.

Ko ka ci da ƙyar ma akwai asara, domin makin yana shiga lissafin ƙarshe. A Legon ana bukatar matsakaicin maki 3.60 cikin 4.00 don digiri mai daraja ta ɗaya, 3.00 don babban mataki na daraja ta biyu. Aji ɗari uku da ɗari huɗu sun fi nauyi a lissafin, amma D biyu ko uku a shekarar farko sun isa su sauko da wanda ke bakin layi.

Saboda haka idan sakamako ya fito ka ga ka faɗi, ka sake shi a karo na farko da aka buɗe dama, tun abin yana sabo a kanka. Kafin ka shiga aji ɗari huɗu kuma, ka buɗe shafinka na ɗalibi ka bi lambobin UGRC ɗaya bayan ɗaya, ka gwada su da littafin dokokin shekarar da aka ɗauke ka, domin sharuɗɗan kan canza daga lokaci zuwa lokaci. Idan wani maki bai fito ba, ka je ofishin sashen da ƙafarka da katinka na ɗalibi, kada ka aiki aboki.