Kafin ka maida gida mai bashin banki zuwa sunanka

Gidan da aka saya da bashin banki takardu iri biyu gare shi. Akwai ta mallaka wadda ke ofishin rajistar filaye tana nuna mai gida, akwai kuma yarjejeniyar bashi a hannun banki, ita ke nuna wanda za a riƙe in ba a biya ba. Toh canza suna a ɗaya ba ya taɓa ɗayar ko kaɗan, kuma a nan ne mutane ke cutuwa wallahi.

A ce yayanka ya ce maka ga gida nan, kai dai ci gaba da biyan banki, magana ta fatar baki kawai, duk wata kana tura kuɗi shekara da shekaru amma a rajista sunansa ne, ranar da ta Allah ta kasance ko masu binsa bashi suka taso to cikin dukiyarsa za a lissafa gidan, kai sai dai ka kwashi rasit ka nufi kotu. Shi ma in ya sa maka hannu a takardar mallaka ya bar sunansa a bashin, ka makara da biya wata ɗaya shi ne banki zai nema, sunansa ne zai ɓaci.

Hanya biyu ce. Ko banki ya yarda ka ɗauki ragowar bashin yadda yake, bayan ya duba samunka da tarihin biyan bashinka, ko ka ci sabon bashi da sunanka a biya tsohon, shi kuma kuɗin ruwansa na yanzu ne, yana iya fin na da.

Dan Allah kar a yi a ɓoye wa banki. Yawancin yarjejeniyoyin nan akwai sharaɗin cewa in gida ya sauya hannu ba da izininsu ba, suna iya neman kuɗinsu kaf lokaci guda. A Amurka dokar Garn-St Germain ta 1982 ta halatta wannan sharaɗi, amma ta hana banki amfani da shi in gidan zama ya koma hannun ɗan'uwa saboda mutuwar mai bashi, ko hannun mata ko miji ko 'ya'ya, ko ta hukuncin rabuwar aure. Kuma ko a nan ɗin sunan da ke kan bashin ba ya canzawa da kansa fa. A Ingila ana cike fom ɗin canja mallaka mai suna TR1 a kai wa HM Land Registry, wato ofishin rajistar filayensu, kuma bashin da ka ɗauka yana iya jawo maka harajin sayen gida ko da ba ka ba kowa sisi a hannu ba.

Ni shawarata a nemi lauya, a yi canjin biyun tare, a gyara sunan da ke kan inshorar gidan, shi kuma mai fita daga bashin kar ya sa hannu sai banki ya ba shi a rubuce cewa ya sauke masa bashin.