Tsuntsayen gaɓar teku masu ƙaura: wa ke ƙirga su, kuma don me?

Daga ina suke zuwa?

Wanda ya san shamuwa ya san tsuntsu mai zuwa da lokacinsa. Sai dai tafiyar waɗannan ta fi nisa. Suna ƙyanƙyasa a arewacin Siberiya, Girinland da Kanada, sanyi na kawo kai su biyo gaɓar Atilantika zuwa Afirka ta Yamma. A hanya sukan yada zango a tekun Wadden, gaɓar Holan, Jamus da Denmak, inda miliyan 10 zuwa 12 ke ratsawa duk shekara. Da yawansu kuma sai Banc d'Arguin a Muritaniya.

Me ke jan su can?

Laka. In ruwan teku ya janye, sai ya bar fili mai cike da tsutsa da dodon koɗi. An mai da Banc d'Arguin gandun kariya a 1976, kuma masuntan Imragen da ke zaune ciki ba a yarda su shiga da kwalekwale mai inji ba, sai wanda iska ke turawa.

Yaya ake ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri guda?

Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, ƙasashe da dama a lokaci ɗaya, don kada a ƙirga garke guda sau biyu. A gaɓar teku akan jira ruwa ya cika, su takure a kan tudun rairayi. Mai ƙirga ya kafa madubin hangen nesa, ya ƙidaya ɗari, sannan ya auna sauran garken da wannan. Ƙiyasi ne, amma in aka bi hanya ɗaya duk shekara, raguwa ba ta ɓuya. Wasu kuma akan sa musu zobba masu launi a ƙafa, a gane su daga nesa ba sai an sake kama su ba.

Me aka gano da wannan wahala?

Ga misalin da ya fi tayar mini da hankali. Wani ɗan tsuntsu da masana ke kira Calidris canutus yana haihuwa a Taimir, can Rasha. Ƙanƙara ta koma narkewa da wuri, ƙwari su fito kafin 'ya'yan su ƙyanƙyashe, sai 'ya'yan su tashi tsamurarru da gajeren baki. A Muritaniya bakin ba ya kai wa ga dodon koɗin da ke can ƙasan laka, dole su koma cin saiwar ciyawar teku, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Binciken ya fito a 2016. Gandun na nan da tsaronsa, ɓarnar daga dubban kilomitoci ta taso.

Ina ruwanmu, mu da ba mu da teku?

Wasu danginsu Sahara suke ƙetarowa su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda wani sashensu ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamun duniya, a 2000. Can ma akan yi ƙidayar Janairu, kuma matsalar wurin ita ce madatsun Tiga da Challawa da suka rage ambaliya, da kachala da ta toshe hanyoyin ruwa.